Soyayyar Mai Shan Jini a Littafi da Anime: Kurakuran da Ke Kashe Labari da Yadda Ake Gyara Su

Labarin soyayya tsakanin ɗan Adam da mai shan jini, wanda Turawa ke kira bamfaya, ya haura shekara ɗari biyu yana cin kasuwa. Asalin halittar ba abin so ba ce. A shekarun 1720 zuwa 1730 mutanen wasu ƙauyukan ƙasar Sabiya da ke Turai suna tono kaburbura, in sun tarar da gawa ta kumbura da jini a baki sai su kafa mata turke a ƙirji, su ce ita ke tashi da dare tana kashe dangi. A 1819 likita John Polidori ya fitar da gajeren labarinsa The Vampyre, ya ɗauki wannan gawar ƙauye ya sa mata kayan alfarma, ya mai da ita babban mutum mai daɗin baki wanda mata ke rububinsa. Carmilla ta biyo baya a 1872, Dracula a 1897, littafin Anne Rice na farko a 1976, Twilight a 2005. A Japan kuwa, inda ake kiran littattafan zane manga, fina-finan zane kuma anime, Moto Hagio ta fara zana The Poe Clan tun 1972, sannan Vampire Knight ta Matsuri Hino ta fara fitowa a mujallar LaLa a 2004.

Abin da ya riƙe masu karatu duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya ne: wanda ke son ki shi ne wanda jikinsa ke roƙonsa ya kashe ki. Duk daren da ya danne yunwarsa, ya furta so ba tare da ya buɗe baki ba. Ga kuma lokaci: ita tana tsufa, shi yana nan yadda yake. Mafi yawan kurakuran da ke biye sun samo asali ne daga marubucin da ya ƙaunaci taurarinsa har ya ɗauke musu waɗannan nauye-nauye biyu, labari ya yi lami.

Yunwar da ta ɓace a babi na biyar

Wannan ne babban kuskure, kuma shi aka fi yi. A babi na ɗaya an nuna mana fiƙoƙi da jan ido. A babi na biyar an samar masa mafita: jakar jini daga asibiti, ko jinin dabba, ko wata ƙwaya da ake jefawa a ruwa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar yunwa ba, ya koma kyakkyawan saurayi mai kuɗi da ba ya fita da rana.

Samar da madadi ba laifi ba ne, amma dole madadin ya gaza. A Vampire Knight akwai ƙwayoyin jini da ɗaliban ajin dare, waɗanda masu shan jini ne, ke sha, sai dai jikin Zero, saurayin da ke rikiɗewa zuwa mai shan jini, ba ya karɓarsu, kuma wannan gazawar ce ke kai shi ga wuyan Yuki, tauraruwar labarin. A Twilight jinin dabba yana riƙe rai amma ba ya kashe ƙishirwa gaba ɗaya, idanun kuma suna rikiɗa daga ruwan zinari zuwa baƙi yayin da ƙishirwar ke ƙaruwa, don haka mai karatu na iya auna hatsari da kallon fuska kawai.

Gyaran shi ne ka zana wa yunwar jadawali kafin ka rubuta layi ɗaya. Misali, ka ce yana buƙatar sha duk bayan kwana bakwai. Kwana ɗaya zuwa uku yana da natsuwa, yana raha, har yana iya zama kusa da ita. Kwana huɗu da biyar ya fara jin bugun zuciyar mutane a ɗaki kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, maganarsa ta gajarce. Kwana shida hannunsa na rawa, yana zaɓar kujera mafi nisa. Kwana bakwai bai kamata a bar shi da kowa ba. Sai ka rubuta lambar kwanan a gefen kowane babi a daftarinka, ka kuma tabbata manyan fagagen soyayya sun faɗo a kwana biyar ko shida, ba a kwana ɗaya ba. Kwatanta fage biyu. A na farko ya ce mata: "Ina jin tsoron in cutar da ke." A na biyu takarda ta yanke ta a yatsa tana buɗe wasiƙa, ɗigo guda ya fito, shi kuma ya daina numfashi a tsakiyar jimla, ya riƙe gefen tebur har katako ya yi ƙara, ya ce a hankali: "Buɗe taga." Na biyun ba ya buƙatar bayani.

Jini yana da lissafi

Masu karatu da yawa sun taɓa ba da jini ko sun yi jinyar wanda ya zubar da shi, saboda haka suna gane ƙarya nan take. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan mililita 70 na jini a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 yana da kusan lita biyar. Siririyar budurwa mai kilo 50, irin wadda aka fi zanawa a anime, tana da kusan lita uku da rabi kacal. In ta rasa kashi 15 cikin ɗari, wato ɗan sama da rabin lita, jiki zai jure amma za ta iya jin jiri in ta miƙe. Tsakanin kashi 15 zuwa 30 zuciya za ta riƙa gudu, hannu da ƙafa su yi sanyi, ta ɗashe. Daga kashi 30 zuwa 40 hankali ya fara gushewa. Sama da kashi 40, wanda a wurinta bai kai lita ɗaya da rabi ba, rai ne ke hannun Allah in ba a yi ƙarin jini da gaggawa ba.

Sai maganar farfaɗowa. Masu karɓar gudunmawar jini suna ɗibar kusan mililita 450 a zama ɗaya, a Japan 200 ko 400. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida, sinadarin ƙarfe kuwa ya fi haka daɗewa. Shi ya sa a Amurka ake jiran mako takwas kafin a sake ɗiba, a Birtaniya mako 12 ga maza, 16 ga mata. To labarin da ake cizon tauraruwa kowane dare, da safe ta tashi tana tsere a filin makaranta, ya raina hankalin mai karatu.

Hanyar gyara biyu ce. Ko dai ka rage abin da yake sha zuwa 'yan kurɓi ka kuma faɗi haka tun farko, ko ka bar jikin ya biya bashi. Ta biyun ta fi amfani, domin tana haifar da labari da kanta: haki a matakalar bene, barci a aji, ƙyallen da take naɗawa a wuya cikin zafi, ƙawar da ta lura, likitan da ya ga sakamakon gwaji ya fara tambayoyi. Shi kansa masoyin yana kallon abin da sonsa ke yi mata. Cizo uku masu nauyi cikin wata guda gadon asibiti ne, kuma fagen asibitin nan na iya zama inda labarin ya juya.

Wurin cizo ma ana kuskurensa. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana gefen wuya, in aka huda ta jini tsartuwa yake yi, ba ya tsayawa a ɗigo biyu masu kyau. In kana son wuya, ka ba mai shan jininka miyau mai rufe rauni, ka nuna hakan a cizon farko. Ka sani cewa ƙirƙirarka ce, domin miyan jemage mai shan jini akasin haka yake yi, hana jini daskarewa yake. In ba ka son ƙarin doka, tsintsiyar hannu ta isa, kuma tana barin su suna kallon juna ido da ido, abin da wuya ba ya bayarwa.

Dokoki: babu ta gaskiya, amma akwai wadda ka ɗauka

Wasu suna ɓata lokaci suna neman "ainihin" dokokin masu shan jini. Babu su. A littafin Bram Stoker, Dracula yana yawo a titunan Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus Nosferatu na 1922 ne ya yaɗa cewa hasken rana na kashe su. Stephenie Meyer, marubuciyar Twilight, ta sa fatarsu tana ƙyalli a rana, sai ta ajiye su a Forks, garin da ke jihar Washington mai yawan hadari da ruwan sama. Kowannensu ya zaɓa, ya kuma tsaya a kan zaɓinsa.

Kuskuren shi ne sauya doka a tsakiya don fage ya yi daɗi. Jiya rana ta ƙona masa hannu, yau ya raka ta bakin teku da yamma saboda marubuci yana son faɗuwar rana a bayansu. Tun ran gini tun ran zane: ka ɗauki shafi guda ka amsa tambayoyi bakwai. Me rana ke masa, kuma cikin minti nawa? Madubi na nuna shi, kyamarar waya fa? Yana shiga gida ba gayyata? Yana cin abincin mutane, in ya ci me ke faruwa? Ina yake barci? Ta yaya mutum ke zama irinsa? Me ke kashe shi? Daga cikin amsoshin ka zaɓi uku ko huɗu da za su yi aiki tuƙuru, sauran ka bar su a gefe. Kowace daga cikin waɗanda ka zaɓa, ka nuna sakamakon karya ta sau ɗaya kafin tsakiyar labari.

Doka mai kyau ita ce wadda ke haifar da fage. Stoker ya ce Dracula sai ya kwanta a ƙasar garinsu, don haka ya yi jigilar akwati hamsin na ƙasa zuwa Ingila, mafarautansa kuma suka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya suna lalata masa su. A littafin John Ajvide Lindqvist ɗan Suwidin, na 2004, Eli, yarinya mai shan jini, ta shiga gidan yaron da suke abota ba tare da gayyata ba, jini ya fara tsattsafowa daga jikinta har sai da yaron ya yi maza ya ce ta shigo. Dokar ƙofa ta zama gwajin amana. A mangan Call of the Night, wanda Kotoyama ya fara a 2019 aka mai da shi anime a 2022, mutum ba ya rikiɗa sai in ya kamu da son wanda ya cije shi, kuma akwai wa'adin shekara guda. Dokar ita ce injin labarin gaba ɗaya. In dokarka ba ta taɓa hana masoyan wani abu da suke so ba, ado ce kawai, cire ta.

Akwai ƙaramin abu da ake mantawa: takardu. Wanda ya shekara ɗari biyu da fuskar ɗan ashirin yana buƙatar katin shaida, asusun banki, da dalilin barin gari duk bayan 'yan shekaru kafin maƙwabta su lura ba ya tsufa. Layi biyu a kan wannan sun isa su sa duniyar ta zauna daram.

Tsoho mai bakin yaro

An ce mana shekararsa ɗari uku, amma maganarsa, fushinsa da kishinsa duk na ɗan sha bakwai ne. Kafin ka sa shi magana, ka rubuta wa kanka shekarar haihuwarsa, shekarar da ya rikiɗa, garinsu, harshensa na farko, sana'ar da ya koya yana mutum, da sunayen mutum uku da ya binne. Sannan ka ba shi ɗabi'u biyu ko uku da suka rage masa daga zamaninsa: yana lissafi da kuɗin da aka daina kashewa, yana kiran titi da tsohon sunansa, yana ƙin jefar da guntun kyandir. Kada kuma ka faɗa ramin da ke ɗaya gefen, inda ya san kowane sarki kuma ya halarci kowane yaƙi. Mafi yawan mutanen da suka rayu a da ba su taɓa ganin fada ba. Tunawa da ƙanshin shagon mahaifinsa ya fi taɓa zuciya.

Dole kuma ka yanke hukunci ko hankalinsa na girma ko ya daskare tare da jikinsa. Anne Rice ta bar hankalin Claudia, wadda aka mai da mai shan jini tun tana ƙarama, ya girma a jikin ƙaramar yarinya, ta mai da hakan azaba. Edward na Twilight an haife shi a 1901, ya rikiɗa a 1918 lokacin annobar mura yana ɗan sha bakwai, kuma har yau masu karatu na muhawara a kan tazarar da ke tsakaninsa da 'yar makarantar da yake so. Muhawarar tana da tushe. In hankalin tauraronka na dattijo ne, ka ɗaga shekarun masoyiyar ta zama babbar mace mai sana'arta da ra'ayinta. Labarin ba ya rasa komai, yana ma ƙaruwa, domin mace mai shekara talatin tana da abin da za ta yi asara in ta bi shi.

Lokacin da mallaka ta sa rigar kulawa

Ya shiga ɗakinta tana barci, ya bi sawunta, ya hana ta ganin ƙawayenta, ya yanke mata hukunci "don kare ta", labarin kuma yana tafa masa. Mai shan jini na iya yin duk wannan, halinsa ne na mafarauci. Matsalar ita ce a rubuta shi a matsayin so tsantsa, ba wanda ya ɗaga gira. Gyaran ba ya buƙatar wa'azi. Ta gano, ta yi fushi na gaske, ya rasa wani abu saboda haka, ya kuma sauya ko ya kasa sauyawa.

Ikon juya tunani ya fi komai hatsari ga marubuci. Muddin zai iya kallon idonta ya sa ta yi abin da yake so, duk "ina son ka" da ta faɗa ya zama abin zargi. Ko dai ikon ba ya aiki a kanta, ko ya taɓa amfani da shi sau ɗaya, tonuwar asirin ta zama babbar ɓaraka a tsakaninsu.

Ita ma tauraruwar a ba ta ƙashi. "Jininta na daban ne" ba hali ba ne, dalilin yunwarsa ne kawai. Gwajin mai sauƙi ne: cire shi daga labarin, ka tambayi kanka me za ta yi gobe da safe, me take nema a rayuwa, wa ya dogara da ita. In ba amsa, ba ka gama gina ta ba. Ka kuma duba ƙarfin da dokokinka suka riga suka ba ta. Rana tata ce, ita ke yawo sa'ad da yake kwance ba ya iya kare kansa. Ƙofar gidanta tata ce, ita ke gayyata.

Masoya biyu a kan mace ɗaya kuwa, ba sa aiki sai in kowannensu rayuwa ce daban da za ta zaɓa. In bambancinsu launin gashi ne, a haɗe su su zama mutum ɗaya.

Abin da ya keɓanci anime da manga

Zangon anime yawanci kashi 12 ne ko 13, kowanne kusan minti 24. Ɓoye cewa saurayin mai shan jini ne har kashi na shida asarar rabin zango ce, tunda hoton talla da waƙar buɗewa sun riga sun nuna fiƙoƙin. A tona asirin a kashi na ɗaya zuwa na uku, a kashe sauran a kan abin da sanin ya jawo.

Cizo yana rage daraja in ya yawaita. Uku ko huɗu a zango sun isa, kowanne da ma'anarsa: na farko na kasa jurewa, na biyu na yarda, na ƙarshe na zaɓi mai tsada. Dogon zancen zuci da ya yi kyau a littafi yana nauyi a allo. A maye gurbinsa da sauti da hoto: bugun zuciya da ke ƙaruwa har ya danne maganar mutane, maƙogwaro na haɗiya, hannu a aljihu. Jan ido ya zama alama guda mai ma'ana guda, kada yau ya nuna yunwa gobe ya nuna kunya. Dare kuma ba baƙi ƙirin ba ne. Call of the Night ya cika darensa da shuɗi da shunayya da hasken fitilun titi, har mai kallo ya fahimci dalilin da zai sa yaro ya fi son dare. A manga ana karatu daga dama zuwa hagu, don haka abin mamaki a ajiye shi bayan juya shafi, kada ido ya riga ya hango shi a shafin da ke buɗe. A kuma cike hoton kowane tauraro da baƙi a duba inuwarsa kawai. In ba a bambance su da inuwa, kyawawan fuskokin sun yi kama da yawa.

Ƙarshe

Ƙofofi uku ne: ta rikiɗa, ko shi ya koma mutum ko ya mutu, ko su rabu tana tsufa yana kallo daga nesa. Duk ukun suna iya yin kyau. Abin da ke ɓata su shi ne magani da ya faɗo daga sama a babin ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya: in akwai hanyar komawa mutum, a ambace ta a kashi ɗaya cikin uku na farkon labari, tare da farashinta, a kuma nuna wani da ya gwada ya kasa.

In rikiɗa ka zaɓa, ka lissafa abin da za ta bari bisa dokokinka: hasken safiya, ɗanɗanon abinci, haihuwa, da iyayen da nan da shekara goma za su ga fuskarta ba ta sauya ba. Ka ba ta babi guda cikakke na yininta na ƙarshe, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba tare da shi a ciki ba. Bayan rikiɗar kuma jadawalin kwana bakwai ɗin nan ya koma kanta. A fagen farko da za ta zauna kusa da mahaifiyarta ko ƙanwarta, ka duba gefen daftarinka ka tabbata kwana na shida ne.